Takarda da Hannu: Nazari a kan Makarantun Koyon Sana'a a Arlit da Garuruwan Yuraniyom, ta Fuskar Ɗalibi da Mai Kawo Aiki

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin da koyon sana'a yake ciki a Arlit da Akokan da sauran garuruwan da ma'adinin yuraniyom ya kafa ko ya raya a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, ta fuska biyu waɗanda ba a cika haɗa su a nazari ɗaya ba, watau fuskar ɗalibin da ya shiga makaranta yana neman abin yi, da fuskar mutumin da yake kai motarsa ko ƙyaurensa ko yadinsa wurin wanda ya fito daga makarantar. Da'awar maƙalar ita ce, an yanka wa makarantun nan riga bisa awon kamfani, alhali kuwa masu ba galibin matasa aiki a yau su ne ɗan kasuwa da mai haƙar zinariya da matar gida. Kuma akwai wani sashe na ilmi, wanda ya shafi lahanin da ido ba ya gani a cikin ƙarfe da ƙura, wanda makaranta kaɗai take da ikon koyar da shi, amma ba ta ba shi matsayin da ya cancanta ba.

Muƙaddima

Abdurrahman Ibn Khaldun, malamin tarihi na ƙasar Magrib, ya keɓe wa sana'o'i fasula masu yawa a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, kuma daga abin da ya tabbatar a can akwai hukunce-hukuncen da suka dace da mas'alarmu ƙwarai: cewa sana'a ba ta samuwa sai da malami da maimaita aiki har ya zauna a hannu ya zama ɗabi'a, cewa sana'o'i suna yawaita suna kyautatuwa gwargwadon yawan masu bukatarsu a birni, kuma idan birni ya kama hanyar raguwa sai su riƙa ficewa daga gare shi, domin mai sana'a ba ya zama inda ba a neman aikinsa. Da wuya a sami wurin da za a jarraba wannan magana a cikin ɗan zamani ƙanƙane kamar Arlit, garin da aka kafa a 1969 a kan fako inda babu kogi babu gona, ya cika ya batse a cikin shekara 15, har aka riƙa kiransa Paris ta biyu, sa'an nan a ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ɗaya daga cikin mahaƙai biyu da suke riƙe da shi.

Mun gina wannan nazari a kan tarihin kamfanonin ma'adinai, da dokokin ilmi da na ma'adinai na Nijar, da rahotannin da ƙungiyoyi suka bayyana wa jama'a, da ayyukan masana irin su Emmanuel Grégoire, wanda ya daɗe yana rubutu a kan tattalin arzikin Agadas da Maraɗi, da kuma abin da ya shahara a bakin masu garaji da teloli da abokan cinikinsu. Mizanin da muka auna al'amarin da shi kuwa shi ne na fiƙihun Malikiyya, domin da shi mutanen ƙasar suke fahimtar amana da lamuni da aibi a cikin mu'amala, ko sun karanta littattafan ko ba su karanta ba.

Yadda ma'adini ya haifi gari

Ƙasar Abzin ba baƙuwa ba ce ga aikin ƙarfe. Azelik, inda masu binciken ƙasa na Faransa suka fara cin karo da yuraniyom a 1957 suna cikin neman jan ƙarfe, ita ce wurin da masana da yawa suke ɗauka tsohuwar Takadda, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353 ya ba da labarin narkar da jan ƙarfe a cikinta. Maƙeran Abzinawa kuma har gobe suna gadar ƙira da aikin azurfa da na fata daga iyaye zuwa 'ya'ya. Amma sana'ar da yuraniyom ya zo da ita wata iri ce dabam. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini daga buɗaɗɗen rami a 1971; aka kafa COMINAK a 1974, ya fara aiki a 1978 a ramin Akuta mai zurfin kimanin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, garin Akokan ya tsiro a gefensa; aka kafa SONICHAR a 1975 domin haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, wanda da shi ake samar da lantarkin mahaƙan da na Agadas; aka kuma shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit wajen 1980. Garin da yake da mutum wajen 10,000 a ƙidayar 1977 ya haura 30,000 a 1988, ya kusa 80,000 a 2012.

Tun daga farko gari biyu ne a cikin suna ɗaya: ga unguwar kamfani mai gidaje a jere da ruwa da lantarki da asibiti, ga kuma garin da ya taso a gefenta, har da unguwannin Bukkoki, inda waɗanda suka zo cin arziki daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dosso da ƙasashen kudu, da makiyayan da farin shekarun 1970 da na 1984 ya raba da dabbobinsu, suka yi matsuguni da abin da hannunsu ya kai gare shi. Wannan rabuwa ta gari ita ce asalin rabuwar da muke gani a cikin koyon sana'a, kuma wanda bai lura da ita ba zai ɗauka matsalar ta ƙarancin ajujuwa ce kawai.

Makarantar da aka yi domin ma'aikaci ɗaya

A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe makarantar ma'adinai ta Abzin, wadda aka fi sani da EMAIR, a cikin birnin Agadas, kimanin kilomita 240 kudu da Arlit, da nufin samar da 'yan ƙasa masu ilmin haƙa da lantarki da gyaran manyan injuna waɗanda za su gaji Turawa a wuraren aiki. Daga baya makarantar EMIG ta Yamai ta buɗe a 1990 domin injiniyoyi, aka kuma kafa Jami'ar Agadas a 2014. A zamanin farko wannan tsari ya yi kyau, domin ɗalibi yana shiga aji ya riga ya san ƙofar da zai shiga in ya gama, kamfanoni kuma suna ƙara horar da shi a cikin ma'aikatunsu a ƙarƙashin ƙwararru, har ilmin allo da na hannu su haɗu a jikinsa. Sai dai illar da ke ɓoye a cikin tsarin ita ce, mai sayen wannan ilmi ɗaya ne, shi kuma wannan mai saye rayuwarsa tana rataye da farashin da ake yankewa a ƙasashen da ba su san ɗalibin ba. Bayan haɗarin tashar Three Mile Island a Amurka a 1979 farashin yuraniyom ya faɗi, aka shiga rage ma'aikata shekara da shekaru. Aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ga tawayen arewa da bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Da farashi ya sake tashi ya wuce dalar Amurka 130 kowace laba a 2007, aka ba kamfanin Areva na Faransa lasisin mahaƙar Imuraren a 2009, matasa suka sake karkata zuwa fannonin ma'adinai da tuƙin manyan motoci. Kafin waɗansunsu su karɓi takarda sai ga haɗarin Fukushima a Maris 2011, aka dakatar da Imuraren a 2014, mahaƙar Azelik ta 'yan Sin ita ma ta tsaya a wannan tsakani. Karatun fanni yana cin shekara 3 ko fiye, farashi kuwa yana iya juyawa a cikin mako guda, kuma asarar wannan bambanci a kan ɗalibi da iyayensa take faɗawa.

A ɗaya gefen kuma akwai makarantun gwamnati na ƙananan sana'o'i. Dokar ilmi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba koyon sana'a gurbi a cikin tsarin ƙasa, amma faɗaɗawar gaske ta zo ne bayan 2011, lokacin da hukuma ta ƙudurta kafa kwalejin fasaha, watau CET, a kowace gunduma, da cibiyar koyon sana'a, watau CFM, a kowace ƙaramar hukuma, tare da burin ɗaga kason masu koyon sana'a daga kashi 8 cikin 100 a 2010 zuwa 25 a 2015, zuwa 40 a 2021. Akwai kuma asusun FAFPA mai ɗaukar nauyin gajerun horo da koyo a wurin masu sana'a. Sa'an nan bayan dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, wadda ta tsayar da abincin direbobi da masu masauki da yawa a Agadas da Arlit kafin a soke ta a Nuwamban 2023, kuɗin Tarayyar Turai ya shigo da shirye-shiryen horar da matasa a jihohin Agadas da Damagaram. Niyya kyakkyawa ce, kuma ba mu raina ta ba. Abin da muke tuhuma shi ne ma'aunin, domin abin da aka fi ƙirgawa shi ne kawunan da suka shiga aji, hannuwan da suka fito da iyawa kuwa ba su da shafi a cikin lissafin.

Abin da ɗalibi yake gani

Abu na farko da yake tarbar yaro a bakin ƙofar cibiya shi ne kunya, domin galibi ba zaɓinsa ne ya kawo shi ba. An juyo da shi ne bayan karatun firamare ko na kwaleji ya ƙi, har ya zama a idon unguwa makarantar sana'a mafakar wanda boko ya kayar ce. A garin da yaro ya tashi yana ganin ma'aikacin kamfani da kwalkwali da takalmin aiki da motar da ke ɗaukarsa da asuba, wannan kunya tana da nauyi biyu, domin yana koyon walda ko lantarki ne da zuciyar da ke kallon ƙofar ma'aikata, alhali wuraren da ke bayan ƙofar ba su kai yawan masu kallonta ba ko a zamanin yalwa.

Amma babbar mas'ala, wadda ɗalibai suka fi kuka da ita kuma malamansu ba sa musunta, ita ce ta kayan aiki. Makarantar boko tana iya tsayuwa da allo da alli, ita kuwa makarantar sana'a tana cin kaya kullum rana ta Allah: sandar walda tana ƙonewa, ƙarfe yana ƙarewa, katako da waya da yadi da zare da mai duk sai an lalata su kafin a iya, kuma a garin da yake nesa da Yamai da kimanin kilomita 1,200, a kan hanyar da ta daɗe da lalacewa, kowane ɗayan waɗannan yana isowa da tsada. Idan kason kayan koyo ya makara ko ya gaza, ko lantarki ya ɗauke, malami ba shi da dabara sai ya koma ga allo ya zana injin da ya kamata a kwance, yara su kwafa da Faransancin da tun farko shi ya kayar da yawancinsu, su haddace sunayen sassa waɗanda ba su taɓa riƙe su ba. Inda injin yake ma, idan yara masu yawa suka kewaye keken ɗinki ɗaya ko injin walda ɗaya, rabon kowane ɗaya a mako bai isa ya haifar da ɗabi'ar da Ibn Khaldun ya sharɗanta ba. A nan ya kamata a yi wa malaman adalci: da yawansu 'yan kwantaragi ne da aka turo daga kudu, ga zafi ga tsadar rayuwa ga nisa da iyali, kuma wanda ya ƙware da gaske a lantarki ko kanikanci yana samun abin da ya fi albashin koyarwa a waje, saboda haka tsayawarsa a aji sadaukarwa ce.

Da aka gama, an karɓi takardar CAP ko BEP ko shaidar cibiya, sai tambayar jari ta taso. Yaron da ba shi da rumfa, ba shi da janareto, ba shi da mai tsaya masa, hanyoyin da ke gabansa sanannu ne: ya hau babur ya yi kabu-kabu, ko ya ƙetara Aljeriya ko Libiya aikin gini, ko ya bi ayarin zinariya, wanda tun da aka gano ta a Jado da Cibarakaten a 2014 ya zama babban mai ɗaukar matasa a jihar baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, wuraren zinariya da inda ake niƙa dutsenta suna matuƙar bukatar mai gyaran janareto da injin huda dutse da injin niƙa da famfon ruwa da motocin sahara, watau kasuwar sana'a tana nan a buɗe, sai dai manhajar ba ta waiwaye ta sosai ba. 'Yan mata kuwa an fi tura su ɗinki da saƙa da girki, a garin da kayan sawa ɗinkakku suke kwararowa daga arewa da kuma ƙasar Sin da araha. Wadda ta fita ba ta da keke nata na kanta, bayan shekara guda hannunta ya huce.

Hukuncin mai kawo aiki

Mai kawo aiki ba ya tambayar takarda. Idan saurayi ya buɗe rumfa, dattijon da ya kawo motarsa zai dube shi ya ce, "Samari, yaron wa ne kai? A hannun wa ka koya?" Idan ya ambaci sunan maigidan da aka sani, an gama magana, idan ya ce daga cibiya ya fito, sai a ba shi ƙaramin aiki tukuna a gani, domin gani ya kori ji. Wannan tambaya ta isnadi ce, irin wadda ake yi wa almajirin da ya ce ya sauke littafi, kuma kuskure ne a ɗauke ta jahilci ko ƙin boko. A ƙasar da mota take barin Arlit ta nufi Assamaka ko rijiyoyin zinariya ta yi ɗaruruwan kilomita babu inuwa babu ruwa, gyaran mota mas'alar rai ce. Mutanen garin ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, waɗanda ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Wanda ya san wannan ba zai miƙa injinsa ga hannun da bai sani ba.

Akwai kuma hujja ta shari'a a ƙarƙashin wannan ɗabi'a. Malaman Malikiyya, kamar yadda yake a cikin Risalar Ibn Abi Zaid wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu a bayan idon mai su, sai fa idan hujja ta tsayu cewa sun halaka ba da sakacinsa ba, kuma sun yi haka ne domin maslahar jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun ba masu sana'a dukiyarsu. A garajin gargajiya wannan lamuni yana wuyan maigida: idan yaro ya ɓata, shi zai biya, shi zai ba da haƙuri, sunansa ne zai zube a kasuwa, shi ya sa ba ya barin yaro ya taɓa injin mutane sai bayan ya shekara yana wanke sassa yana miƙo sifana yana kallo. Hajiyar da ta kai shaddarta ana saura mako biyu Salla ta san wurin wanda za ta koma idan aka yanka ba daidai ba. Shi kuwa ɗalibin cibiya yana fitowa da takarda mai hatimi, amma hatimin ba ya biyan yadin da aka ɓata, makarantar da ta ba shi kuma ba ta tsaya masa a gaban mai kaya.

Duk da haka, zalunci ne a ce nasara duka tana wajen maigida, kuma masu kawo aikin da kansu sun san haka. Koyo a garaji ba shi da wa'adi, yaro yana iya shafe shekaru a aike da sayen shayi; waɗansu iyayen gida suna ɓoye sirrin aiki don kada yaro ya tashi ya zama kishiya; kuma da yawa daga abin da ake kira ƙwarewa gwaji ne da dukiyar mutane, a canja wannan a gani, in bai yi ba a canja wancan. Da aka shiga zamanin motoci masu kwamfuta a ciki, da faifan hasken rana da batura da famfunan da suke aiki da su, da wayar gida wadda in ba a lissafta nauyinta ba take jawo gobara, sai fifikon wanda ya iya karanta zane da awo da lissafi ya bayyana, har ka ga maigida mai furfura yana kiran yaron makaranta ya duba masa abin da na'ura ta nuna. Bilhasali, kowane ɗaya daga cikin biyun yana riƙe da rabin abin da mai kawo aiki yake biya domin ya samu, shi kuwa yana biyan kuɗi cikakku.

Aibin da ido ba ya gani

A nan ne mas'alar Arlit ta rabu da ta Maraɗi ko Damagaram. Shekaru da yawa tarkacen ƙarfe da bututu da yadudduka masu kauri da suka fito daga ma'aikatu suna shiga kasuwa, maƙera da masu walda suna mai da su ƙyaure da rufi da kayan amfanin gida, domin a cikin sahara babu ƙarfen da ya fi wannan kusa da araha. A Disamban 2003 masu awo na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit wadda Almustafa Alhasan yake jagoranta, suka sami ƙarafa masu fitar da tururin yuraniyom ana sayar da su a kasuwar garin. A Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta yi nata awon, ta fitar da rahoto a 2010 da ya sake tabbatar da samuwar irin waɗannan kaya da kuma gurɓatattun wurare a titunan Akokan. Kamfanonin sun ɗauki matakan tsananta bincike a ƙofa da bin gari ana awo ana janye abin da aka samu, amma ƙarfen da ya riga ya shiga gidaje ya zama ƙofa ko gado ba ya dawowa da sauƙi. Fim ɗin Idrissou Mora-Kpaï na 2005 a kan Arlit, da na Amina Weira na 2016, wadda ita kanta 'yar ma'aikacin mahaƙa ce, sun nuna yadda wannan damuwa take zaune a zukatan mazauna.

Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ta kuma hana cinikin da ke da garari. Amma fuƙaha'u sun yi maganarsu ne a kan aibin da ɗaya daga cikin biyun ya sani ko yake iya sani. Ga shi a nan mun sami aibin da ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya canja ƙarar ƙarfe in an buga shi, wanda maigidan da ya shekara 30 yana walda ba zai gane shi da ido ko da hannu ba, yaronsa da ke yanka ƙarfen yana shaƙar ƙurarsa bai sani ba, matar da ta saya ta kai ɗakinta ba ta sani ba. Isnadi ba ya amfani a wannan wuri, domin babu wanda ya gaji wannan ilmi daga kakansa. Na'urar awo da wanda aka koya wa karanta ta su kaɗai ne suke raba halal da cuta. Haka kuma al'amarin yake ga sinadaran da ake wanke zinariya da su, irin su zaiba, waɗanda matasa suke taɓawa da hannu suna ƙona su suna shaƙar hayaƙin.

Imam Gazali ya lissafta sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, Muhtasar na Halil ma haka, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan asullan siyasa, ya ɗora wa shugaba kula da masu sana'a da tabbatar da samuwarsu a kowane gari. A ra'ayinmu sanin awon tururi da kariyar numfashi ya shiga wannan babi a Arlit da Akokan shiga ta farko, kuma cibiyar da ta yaye mai walda a waɗannan garuruwa ba ta koya masa wannan ba ta bar farilla ta riƙe nafila. Da kowace cibiya tana da na'ura da malamin da ya iya ta, tana buɗe ƙofa ga duk mai rumfar da yake son a auna masa ƙarfe kafin ya saya, da ta sami abin da har yanzu ba ta samu ba, watau dalilin da zai sa maigida da mai kawo aiki su zo wurinta da ƙafarsu.

Bayan rufe Akuta

Da COMINAK ya tsaya a 2021, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ma'aikata wajen 600 da 'yan kwangila wajen 700 suka rasa aiki, aka bar tulin dusar ma'adini kimanin tan miliyan 20 wanda rufe shi da sa masa ido aikin shekaru ne masu yawa. An yi magana mai yawa a kan haƙƙin sallama da makomar gidaje da asibiti, kuma ya cancanta a yi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a cikin mutanen nan akwai masu lantarki da makanikai da masu walda da masu awon tururi waɗanda suka haɗa takarda da hannu, suka yi aiki a ƙarƙashin ƙa'idojin tsaro masu tsanani, irin malaman da cibiyoyi suke nema ba su samu ba, kuma da yawansu asalinsu kudu ne, in babu abin da ya riƙe su gida za su koma da abin da ke kansu. Sa'an nan al'amura suka sake juyawa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta rufe, aka karɓe lasisin Imuraren daga Orano, watau Areva a sabon sunansa, a Yunin 2024, aka mai da SOMAIR mallakar ƙasa a Yunin 2025. Ƙasar da ta ɗauki nauyin tafiyar da mahaƙa da kanta bukatarta ga ƙwararrun 'ya'yanta ta ƙaru, kuma injiniya ɗaya ba ya aiki sai da hannuwa masu yawa a ƙarƙashinsa.

Abin da muke gani ya fi kusa da yiwuwa shi ne a ɗauki waɗannan tsofaffin ma'aikata su koyar a cibiyoyi ko da na 'yan kwanaki a mako; a jarraba iyayen gidan garaji da teloli a kan abin da suka iya a ba su shaida, a raba makon yaro tsakanin rumfarsu da aji bisa yarjejeniya mai wa'adi wadda uban yaro zai halarta; cibiya kuma ta riƙa karɓar aikin mutanen gari da ujura mai sauƙi, lamuni yana wuyanta, domin ɗalibi ya koyi tsayawa gaban mai kaya, kuɗin kuma ya sayi sandar walda. Za a ce iyayen gida za su ga wannan kishiya ce aka yi musu. Jawabin shi ne a sa su a cikin masu jarrabawa da masu yanke farashi, domin wanda aka ba kujera ba ya ƙona rumfa. Tun da kuma kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, babu hujjar da ta rage ta hana rubuta darussan tsaro da awo da Hausa da Tamajak, harsunan da ake aikin da su a rumfa.

Kuɗin wannan kuwa yana da mafita a doka, domin gyaran dokar ma'adinai na 2006 ya ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa a cikinsa, ko da yake shugabannin yankin sun daɗe suna kukan makarar wannan kaso da taruwar bashinsa. Idan ya iso, na'urar awo guda, da kayan koyo na shekara, da ladan tsohon ma'aikaci mai koyarwa, ba su kai kuɗin ginin aji biyu ba, kuma hukumar garin Arlit tana iya rubuta su a cikin kasafinta.